Darasi na Goma Sha Huɗu: Gidan Fim da Gidan Gaskiya

Ɗalibi, ka tuna fim ɗin da ka kalla na ƙarshe. Wataƙila an nuna maka wani gida daga waje, da ƙofarsa da tagoginsa, sannan ɗan wasa ya zo ya tura ƙofa ya shiga. Nan da nan sai ga shi a cikin falo yana gaida mutanen gida. Ba ka yi shakka ba, ka yarda cewa falon nan yana bayan ƙofar nan. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Ƙofar tana wani gari, falon yana wani gari dabam. Mai yiwuwa ma falon bango uku kaɗai gare shi, kuma ba shi da rufi.

Ga misali daga ƙasar Ingila. A shekarar 2010 aka fara nuna wani shirin talabijin mai dogon zango, sunansa Downton Abbey. Labarin wani babban gida ne na masu sarauta da barorinsu. Gidan da ake nunawa na gaskiya ne, ana kiransa Highclere, kuma masu shi suna nan. A can aka ɗauki hoton gaban gidan da manyan falukansa. Amma ɗakin girki da wurin zaman barori ba a can suke ba. An gina su ne da katako a cikin wani situdiyo da ke unguwar Ealing a birnin Landan, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota. Saboda haka idan ka ga bara ya ɗauko faranti daga ɗakin girki, ya hau matakala, ya fito a gaban maigida, to ka sani ƙafarsa ta farko a Landan ya taka ta, ta ƙarshe kuwa a Highclere, wataƙila bayan makonni. Dole farantin da abincin da rigar baran su zama iri ɗaya a wuraren biyu, in ba haka ba asiri ya tonu.

Mai tsara dandali

Wurin da aka shirya domin 'yan wasa su yi wasa a cikinsa shi ake kira dandali. Wanda yake da alhakin shirya shi kuwa shi ne mai tsara dandali. Da wuya mai kallo ya san sunansa, domin idan aikinsa ya yi kyau ba wanda zai lura da cewa an yi aikin.

Za ka iya tambaya: me ya sa ba za a tafi gini na gaskiya a gama komai a can ba? Dalili na farko shi ne wuri. Kyamara da fitilu da ma'aikata suna bukatar fili, ɗakin gaskiya kuwa ba ya buɗewa. Bangon dandali ana iya cire shi a ajiye gefe, kyamara ta tsaya a inda yake, a gama a mayar. Rufi ma ana barinsa a buɗe domin a rataya fitilu. Akwai kuma batun ƙara: a gidan gaskiya ba ka da iko da babur ɗin da zai wuce ko zakaran maƙwabta. Wani ginin masu shi ba za su yarda a buga ko ƙusa ɗaya a bangonsa ba, balle a kunna wuta. Wani kuma ya daɗe da rushewa, sai kango.

Mai tsara dandali yakan fara da karanta labarin. Daga nan ya tafi ya ga gine-ginen da suka dace da shi, ya auna, ya ɗauki hotuna, ya duba tsofaffin zane-zane. Sai ya zana abin da yake so, ya yi ɗan ƙaramin samfuri da kwali ya nuna wa darakta. In sun daidaita, aiki ya koma hannun kafintoci da magina da masu fenti, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aiki na ƙarshe shi ne mafi ban mamaki, wato tsofar da sabon abu. Bangon da aka gama jiya dole ya zama tamkar ya shekara ɗari. Sai a shafa masa baƙin hayaƙi a saman murhu, a goge fenti a inda hannu yake yawan taɓawa, a zana tsaga a kusurwa, a bar alamar ruwa a ƙarƙashin taga. Wanda bai taɓa tsayawa ya dubi yadda ginin gaskiya yake tsufa ba, ba zai iya wannan aiki ba.

Kolosiyam biyu

A tsakiyar birnin Rum, a ƙasar Italiya, akwai wani ƙaton filin wasa na dutse da ake kira Kolosiyam. Sarki Basfasiyan ne ya fara gina shi, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 Miladiyya. Tsayinsa ya kai wajen mita 48, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kimanin dubu hamsin. A cikinsa ne mayaƙa suke fafatawa da juna ko da namun daji, jama'a na kallo. Ginin yana nan har yau, amma ba kamar da ba. Girgizar ƙasa ta shekarar 1349 ta rushe bangon waje na ɓangaren kudu. Mutane sun yi ta kwasar duwatsunsa suna gina wasu wurare. Daɓen katakon da mayaƙa suke tsayawa a kai ya daɗe da ɓacewa, har ana ganin lungunan da ke ƙarƙashinsa.

Da darakta Ridley Scott ya tashi yin fim ɗin Gladiator, wanda ya fito a shekarar 2000, labarinsa ya faro ne daga shekara ta 180. A lokacin Kolosiyam yana cike da ƙawarsa. Ka ga ke nan ginin gaskiya ba zai yi masa amfani ba, domin ya tsufa da yawa. Mai tsara dandalin fim ɗin, Arthur Max, sai ya gina wani a tsibirin Malta, a cikin wata tsohuwar ganuwar soja da ake kira Ricasoli. Bai gina shi duka ba. Kashi ɗaya cikin uku na da'irar ya gina, tsayin kuwa wajen mita 16, da katako da filasta. Sauran da'irar da benayen sama da kwamfuta aka cika su. 'Yan kallo ma haka: mutum wajen dubu biyu aka tara, kwamfuta ta riɓanya su har filin ya cika maƙil.

Me ya sa bai bar wa kwamfuta aikin duka ba? Domin abin da ɗan wasa zai taɓa dole ya zama yana nan. Yashin da zai faɗi a kai, da ƙofar da zai fito ta cikinta, da bangon da keken doki zai buga, duk sai an gina su. Abin da yake nesa da hannu shi ake barin wa na'ura.

Akwai abubuwan da aka ɗauko kai tsaye daga ginin Rum. Rumfar zane da ake shimfiɗawa a sama domin kare 'yan kallo daga rana ta gaskiya ce, Rumawa sun yi ta. Haka kuma ƙofofin ɓoye da ke cikin daɓe, inda ake ɗago namun daji daga ƙasa. Amma ba dutse kaɗai masu fim ɗin suka duba ba. Sun dubi wani zane da Bafaranshe Jean-Léon Gérôme ya yi a shekarar 1872, wanda yake nuna mayaƙi tsaye a kan abokin karawarsa, haske yana ratsowa daga sama. Mai zanen nan bai ga Rum ta da ba, shi ma ƙiyastawa ya yi. Wannan abin lura ne. Miliyoyin mutane a yau idan an ce Kolosiyam, na Malta ne yake zuwa musu a rai, alhali shi kwaikwayo ne, wani ɓangarensa ma kwaikwayon kwaikwayo. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Garin ƙasa da aka ara

Wani lokaci ba a kwaikwayon gini, aronsa ake yi. A cikin wannan fim ɗin dai, kafin jarumin ya kai Rum an sayar da shi bawa a wani gari na Arewacin Afirka. An ɗauki wannan sashe a ƙasar Maroko, a wani tsohon gari mai suna Ayit Bin Haddu, kimanin kilomita 30 daga birnin Warzazat.

Da za ka ga hotonsa, kai ka ce wata tsohuwar unguwa ce ta Kano ko Zariya aka ɗora a jikin tudu. Da jar ƙasa aka gina shi, gidaje manne da juna, ga dogayen soraye masu ado a samansu, ga ganuwa. Yana kan tsohuwar hanyar da ayari yake bi tsakanin Sahara da birnin Marrakesh. A shekarar 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Masu fim sun daɗe da gano shi. Ya fito a matsayin garuruwa iri-iri, na tarihi da na tatsuniya, har a shirin Game of Thrones. A Gladiator an ba shi sunan Zukabar, wanda asalinsa wani garin zamanin Rumawa ne a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. A gindin tudun aka gina ƙaramin filin fafatawa da tubalin ƙasa, domin launinsa ya saje da na garin. Duk wanda ya kalli fim ɗin ba zai iya nuna inda sabo ya ƙare tsoho ya fara ba. Yau filin babu shi, garin kuwa yana nan.

To, me garin ya samu? Ya samu suna, ya samu baƙi masu yawon buɗe ido, mutanensa sun sami aikin gini da na fitowa cikin taron jama'a a fim. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da noma yake da wuya. Amma akwai wani gefen. Yawancin iyalai sun ƙaura zuwa sabon gari a tsallaken kogi, inda mota take isa, kaɗan ne suka rage a cikin tsohon. Ginin ƙasa kuwa ba ya son kaɗaici. Yana bukatar mai gida da zai duba shi bayan ruwan sama, ya toshe tsaga, ya sabunta yaɓe. Kyamara gaban gida take gani, ba ta damu da ɗakin baya da rufinsa yake yoyo ba. A ganina wannan shi ne haɗarin da yake tattare da aron gini: a hankali gari yakan koma dandali, a riƙa gyara shi domin idon baƙo maimakon zaman mai shi.

Kusa da Warzazat akwai situdiyon Atlas, wanda aka kafa a shekarar 1983. Can za ka ga fadar Fir'auna da manyan ginshiƙai, sai ka ce a Masar kake. Ƙwanƙwasa ginshiƙin ka ji, fanko ne. Zagaya baya ka ga katakon da aka tokare bangon da shi.

Gidan da ke cikin rami

A Downton Abbey waje ne na gaskiya, wani sashe na ciki kuwa ƙirƙira. A ƙasar Tunisiya an yi akasin haka. A kudancin ƙasar akwai garin Matmata, inda Berber suka daɗe suna haƙa gidajensu a cikin ƙasa. Sukan haƙa babban rami mai faɗi ya zama tsakar gida, sannan su fafe ɗakuna a jikin bangon ramin. Dabara ce ta maganin zafi, domin ɗakunan suna da sanyi da rana, da ɗumi da dare. A shekarar 1976 George Lucas ya zo da ma'aikatansa domin ɗaukar fim ɗin Star Wars, wanda ya fito a 1977. Labarin wata duniya ce can a sararin samaniya, amma gidan da jarumin ya tashi a cikinsa ɗaya ne daga gidajen nan, wani masauki mai suna Sidi Driss. Abin da aka ƙara masa kaɗan ne, 'yan bututu da na'urorin ƙarya a jikin bango. Ƙaramar ƙubbar da ake nunawa a matsayin ƙofar gidan kuwa an gina ta ne a wani busasshen tafkin gishiri da ake kira Shaɗɗul Jarid, tafiyar awoyi daga Matmata. Babu ɗaki ko ɗaya a ƙarƙashinta.

Ka lura da abin da ya faru a nan. Masu kallo a Amurka da Turai sun ɗauka wani gwani ne ya ƙago gidan nan daga kansa. Gwanayen kuwa manoma ne da makiyaya, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗayansu a ƙarshen fim ba.

Idan aka dawo gida

A Najeriya yawancin masu fim, na Legas da na Kano, aron gida suke yi ko haya, domin gina dandali yana cin kuɗi. Wannan ne ya sa wani lokaci za ka ga falo ɗaya a finafinai uku, yau na alhaji, gobe na likita. Amma abin ya fara sauyawa. Kunle Afolayan ya gina ƙauyen fim a Igbojaye ta Jihar Oyo, a can ya ɗauki Anikulapo, wanda ya fito a shekarar 2022, labarin zamanin tsohuwar daular Oyo.

Yanzu a ce kai ne aka ba aikin tsara gidan Bahaushe na gargajiya. Ba zai isa ka shafa wa katako jan fenti ka ce ƙasa ce ba. Sai ka san dalilin kowane sashe. Zaure shi ne ɗakin shiga, a nan maigida yake karɓar baƙi maza. Ƙofarsa ta ciki ba ta fuskantar ta waje kai tsaye, domin kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Idan ka jera ƙofofin biyu a layi ɗaya saboda kyamara ta ji daɗin wucewa, ka gina abin da Bahaushe zai kalla ya ce wannan ba gidanmu ba ne. Bango yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa zuwa sama, domin da tubali mai siffar ƙwai ake ɗora shi. Rufin soro yana kan azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya saboda gara ba ta cika cinta ba. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a tazara mai faɗi, shi ya sa babban ɗaki yake bukatar ginshiƙi ko bakan gizo. Indararo yana fitar da ruwa nesa da bango. A kusurwoyin sama kuma akwai zankwaye. Mai tsara dandalin da ya san waɗannan zai iya yin ƙarya da katako ta zauna daidai. Wanda bai sani ba, ko da ƙasar gaske ya yi gini, mutanen wurin za su gane.

Idan ka sami zuwa Jos, inda Hukumar Finafinai ta Najeriya take, ka nemi gidan adana gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan tarihin garin. A can an kwaikwayi wani sashe na ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ba domin fim aka yi su ba, amma ka shiga ka ɗaga kai ka dubi yadda bakan gizo ya haɗu a sama. Ka tafi da abin awo da littafin zane.

Ma'anar wasu kalmomi

Kango: ginin da ya lalace, ba kowa a cikinsa.
Samfuri: ƙaramin abu da ake yi domin a nuna yadda babban zai kasance.
Daɓe: ƙasan ɗaki ko fili da aka daidaita domin a taka.
Ayari: taron fatake masu tafiya tare da dabbobinsu da kayansu.
Yaɓe: kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ake shafa wa bango domin kare shi.
Fanko: abin da ba komai a cikinsa.
Tokare: sa wani abu ya riƙe wani don kada ya faɗi.
Bakan gizo: a wajen magina, gini mai lanƙwasa da yake ɗaukar rufi.
Zanko: ɗan tsinin ado a kusurwar saman soro. Jam'insa zankwaye.

Lura da harshe

A cikin darasin an yi amfani da hanyoyi huɗu na kwatanta abu da wani: kamar, tamkar, sai ka ce, kai ka ce. Biyun farko sun fi zuwa kafin suna, ko da yake jimla ma tana iya biyo su: Bangon nan kamar dutse yake. Biyun ƙarshe suna nuna cewa ido ne ya ruɗu, abin ba haka yake ba: Ya yi ado, sai ka ce ango. Ka lura, "ka" ɗin da ke cikinsu ba lalle yana nufin wanda ake magana da shi ba, yana nufin duk wanda ya gani. Nemo jimlolin da waɗannan kalmomi suka fito a cikin darasin, ka kwafe su a littafinka, sannan ka yi naka guda huɗu a kan ginin makarantarku.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suke sa a gina dandali maimakon a yi amfani da ginin gaskiya.
2. Wane ɓangare na Kolosiyam aka gina a Malta, wane kuma aka bar wa kwamfuta? Me ya sa aka raba aikin haka?
3. Mene ne ma'anar "kama da wane ba ta wane"? Yaya karin maganar ya dace da labarin Kolosiyam?
4. Wace riba mutanen Ayit Bin Haddu suka samu daga masu fim? Wane haɗari marubucin ya hango? Ka yarda da shi?
5. Me ya bambanta yadda aka yi amfani da Highclere da yadda aka yi amfani da gidan Matmata?
6. Don me ƙofofin zaure biyu ba sa fuskantar juna?

Aikin gida

Zaɓi wani tsohon gini a garinku, ko fadar sarki, ko kasuwa, ko gidan kakanninka. Nemi izini kafin ka shiga. Dubi bangonsa da kyau, ka rubuta alamomi biyar da suke nuna tsufansa da wurin da kowace take. Tambayi wani dattijo dalilin da ya sa aka sa ƙofa da tagogi a inda suke. Sannan ka rubuta sakin layi biyu da Hausa, kana bayyana wa kafinta abin da zai gina da katako, da abin da ba za a iya kwaikwaya ba sai an je wurin da kyamara.